Muryar Iya Sauda a Wayar Kowa

"Kada ka rage masa murya. Bar shi ya kai wurin."

"Na ji, Luba. Ai na gane ko muryar wa ce."

"Ba ka ji komai ba tukuna."

Lubabatu ta riƙe wayar a tsakaninsu, idonta a kan fuskar Sufyan, saurayinta. Suna tsaye ne a ƙofar shagonsa, ɗan shagon buga takardu da ke bakin titi a unguwar Banikanni cikin Parakou, inda ɗaliban jami'a ke kawo darussansu a yi musu kwafi. Masu zem, baburan haya, na ta wucewa da hayaƙinsu, mai wagashi, cukun Fulani, na kiran ciniki a tsallaken titi, amma shi ba abin da yake ji sai kiɗan da ke fitowa daga wayar, kiɗan rawa mai nauyi irin wanda ke dukan ƙirji. A bisa kiɗan kuma muryar tsohuwa ce, siririya, mai ɗan kakkarwa a ƙarshen kowace kalma, an yayyanka ta ana maimaitawa.

Mahamadu ɗan Tanko ya kwana bakin ruwa,
jakinsa ya shiga Salaga, shi bai shiga ba.
Bai shiga ba, bai shiga ba, bai shiga ba.

Nan ganga ke faɗowa da ƙarfi, nan ne kuma, in ji Lubabatu, 'yan mata suka miƙe jiya a gidan wani biki a Tourou, can gefen gari, suna karya ƙugu, samari na ɗaga kwalaben lemo suna amsawa. Rakiyar ƙawa ta je. Tana zaune da farantin shinkafa a cinya sai ta ji kakarta, Iya Sauda, ta fito daga lasifika tana kiran Mahamadu, kakan Iyar ne da kansa, wanda ruwa ya ci a hanyar Gwanja, jama'a kuma na tafi suna shewa. Shinkafar nan ba ta ci ta ba. Ta fita waje ta kira mahaifiyarta a Djougou, a nan ta ji sauran labarin. Ashe waƙar ta riga ta isa can. An gayyaci Iya wani biki a unguwarsu, tana zaune a tabarma tana jiran a ba ta fili, sai mai sono, mai kayan kiɗan bikin, ya saka wannan. Iya ta saurara har ƙarshe, ta nemi takalmanta, ta tafi gida. Tun daga ranar ba ta sake buɗe baki da waƙa ba, duk wanda ya aiko gayyata kuma sai ta ce a gaya masa ya kunna wayarsa.

"Kai kaɗai ta taɓa bari ya ɗauki muryarta," in ji Lubabatu. "Kuma don ni ta bari."

Sufyan ya ji kamar duk mai wucewa a titin ya san abin da ya yi.

"A gidanmu," ta ci gaba, "ba a fitar da amarya sai Iya ta yi mata waƙar hanya. Haka aka yi wa mamata, haka aka yi wa yayyena. Ka faɗa wa kawunnanka kada su wahalar da kansu da goron tambaya yanzu."

Ta mayar da wayar cikin jaka, ta tsayar da zem, ta ce gobe da safe za ta wuce Djougou. Ba ta ce ya biyo ta ba, ba ta kuma ce kada ya zo ba.

Waƙar hanya tsohuwar aba ce a gidan su Lubabatu. Kakanninsu fatake ne, masu kora jakuna daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja su sayo goro, har wasunsu suka sauke kaya a Djougou ba su sake ɗauka ba. Waƙar tana bin ayari zango bayan zango, ta Nikki, ta Djougou, ta duwatsun Kotokoli, ta Yendi, har Salaga. Tana faɗin rijiyar da ruwanta ke da ɗaci, da madugun da ke gane hadari tun yana ƙanshi a iska. Ana yi wa amarya ita ne don ta san ba ita ce ta fara barin gida ba. A tsakiyarta kuma akwai baiti guda da ba a tafa masa, baitin waɗanda suka kwanta a hanya.

Sufyan ya so waƙar nan kusan yadda ya so yarinyar. Tarihi ya karanta a jami'a, kuma mutum ne da littafi ke sa shi hawaye. Ya karanta labarin garuruwan da suka wayi gari babu mai tuna waƙoƙinsu, ya ɗauki abin a ransa kamar rashin wani nasa. Bara, bayan Babbar Salla, da ya je Djougou gaida iyayen Lubabatu, Iya ta tarbe shi da wasan kaka da jika, tana ce masa angona, tana tambayar ina cefanenta, wai ita ba ta zama da miji mai zuwa da littafi a hammata. Ya yi ta roƙonta ta bar shi ya ɗauki waƙar don karatu. Ta dube shi, ta dubi jikarta da ke laɓe a ƙofar kicin tana murmushi, ta ce ya ajiye wayarsa a kan turmi.

Ba ta fara da waƙa ba, da magana ta fara. Ta ce ita Sauda daga bakin gwaggonta Saratu ta karɓa, Saratu ta karɓa daga Housseina matar madugu, Housseina kuma daga waɗanda Allah ya sani. Sa'an nan ta shiga hanya. Da ta zo bakin baitin matattu sai ta tsaya, ta ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, a cire takalmi, a zauna. Matan gidan suka bar wanke-wanke suka zauna a ƙasa. Ta kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ya kwanta, da ta gama aka yi Fatiha, sa'an nan ayari ya tashi.

Da ya dawo Parakou ya zauna gaban kwamfuta ya ce zai tsabtace abin. Ya cire kukan zakara, ya cire ƙarar taɓarya daga maƙwabta, ya cire tarin Iya. Da ya zo kan maganarta ta farko sai ya ga ai wannan ba waƙa ba ce, ya yanke. Ya yanke wurin cire takalmi, ya yanke Fatiha, ya haɗa bakin baitocin suka zauna sumul kamar ba a taɓa tsayawa ba. Ya ɗora a wani shafin Intanet da ake ajiye irin waɗannan abubuwa don amfanin jama'a. Shafin ya tambaye shi ko shi ne mai aikin, ko mai aikin ya ba shi izini, ya danna e ko numfashi bai ja ba. Ya tambaye shi wane irin izini zai bai wa duniya, ya zaɓi mafi faɗi, kowa ya ɗauka, ya sauya, ya sayar in ya ga dama. A wurin suna ya rubuta: waƙar fatake ta gargajiya, Djougou, muryar al'umma. Har ya karanta kalmomin nan biyu na ƙarshe da ƙarfi shi kaɗai a shago, suka burge shi.

Kuma ba za a ce abin bai yi amfani ba. Wani malamin makaranta a Kumasi ya rubuto cewa da ita yake koya wa yaran zango inda kakanninsu suka bi. Wata mata a Kano ta ce ta kunna wa mahaifinta makaho, ya gyara zama ya nemi a sake. Sufyan ya riƙa nuna wa abokansa saƙonnin nan a bakin shago, yana yi musu bayani cewa ilimi ba a kulle shi a ɗaki, abin kakanni na kowa ne, mai ɓoye shi shi ne ɓarawon gaske. Lubabatu kaɗai bai nuna wa ba. Ya ce wa kansa sai abin ya ƙara girma zai ba ta mamaki, ya kuma yarda da hakan.

Da zem ɗinta ya ɓace a kwana sai ya shiga shago ya buɗe shafin don ya sauke waƙar. Ya tarar an riga shi. A wurin da take, sanarwa ce da Faransanci, wai an rufe wannan sauti saboda ya yi kama da wani aiki mai rajista na wani mawaƙi, Diji Adnan. In yana da ja, ya tabbatar cewa shi ne mai aikin na asali. Ga ɗan akwatin nan da ya danna bara yana kallonsa, yana jira ya sake dannawa.

Adnan abokinsa ne tun makarantar sakandare. Ɗakinsa na kiɗa yana bayan wani gareji, bango duk an manna masa kwalin ƙwai da tsohuwar katifa. Ya tarbe shi da fara'a, ya ture wayoyin lantarki daga kan benci.

"Farfesa. Yau littafi ya sake ka ke nan. Ka zo taya ni murna ko ka zo cin rabonka?"

Sufyan ya faɗa masa abin da ya kawo shi, muryarsa na hawa tana sauka. Adnan ya saurara yana juya hularsa. Da ya gama sai ya ce shi wallahi bai sa a rufe komai ba. Wani kamfanin waje ya bai wa waƙar ya rarraba masa, su kuma na'urarsu ce ke yawo tana shinshinar duk abin da ya yi kama da nasu tana rufewa, ba ta tambayar wa ya riga wa. Game da ɗaukar kuwa, ya jawo wayarsa ya nuna masa hoton shafin yadda yake a da, da izinin da ke ƙasansa.

"Mon frère, kai ka rubuta wannan ko ni? A bakin shagonka ka tara mu ka ce waƙar ba ta da mai ita. Na duba suna, na ga al'umma. Ina zan je in gaida al'umma?"

Sufyan ya ce amma baitin matattu ne ya ɗauka, ba a rawa da shi.

"Ina aka rubuta? Ni wurin da muryar ta fi daɗi na ɗauka. Nan take rawa kamar za ta karye, shi ya sa."

Sai Sufyan ya buɗe kwamfutarsa ya kunna masa na asalin, wanda ba a taɓa ba. Zakara ya yi cara, taɓarya na sauka, Iya ta yi tari ta ambaci Saratu da Housseina. Ya tura gaba zuwa inda ta tsayar da gida ta sa aka zauna. Adnan ya daina juya hular. Da aka shafa Fatiha a cikin na'urar, shi ma hannunsa ya ɗan tashi zuwa fuska kafin ya ankara ya sauke.

"Kai ka yanke wannan?"

"Ni na yanke."

Adnan ya yi tsaki, ba a san ko da wa yake ba. Sa'an nan ya fara magana yana kallon bango. Ya ce kafin waƙar nan ko a Tourou babu wanda ya san sunansa, yanzu har Natitingou ake kiransa biki, sai ga shi ashe a kan kabarin mutane yake tsalle. Ya ce zai iya neman kamfanin su janye, amma za su tambayi mai ita, sunan mutum suke so ba al'umma ba. Wanda ya shiga wayoyin mutane kuwa, da katunan waya da ake tura waƙoƙi a tasha, wannan ya tafi, ko shi ko Sufyan babu mai dawo da shi.

"In tsohuwar ta ce in zo zan zo," ya ce. "Amma kai za ka fara shiga, Farfesa. Ni ba zan sha marin da ba nawa ba."

Washegari Sufyan ya shiga taksin Djougou, an matse shi a baya tsakanin wani mai buhun gari da wata mata mai goyo. Sabuwar doya ta fito, an jera ta tsibi-tsibi a bakin hanya, mata na ɗaga hannu ga kowace mota. Suna wuce Tourou direba ya danna rediyonsa. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, sai ga gangar nan. Matar da ke gefensa ta fara kaɗa jaririnta a kan gwiwa daidai da kiɗan, tana raɗa masa bai shiga ba, bai shiga ba, yaron na dariya da dasashi. Direba ya ce wannan tsohuwa ko wace ce ta iya, ya ƙara murya. Sufyan ya so ya ce a kashe. Ya shirya kalmomin a bakinsa, amma ya san za a tambaye shi dalili, dalilin kuma shi ne. Ya juya fuska ga taga ya bi itatuwan kaɗanya da ido har suka zama ruwa-ruwa.

Bayan azahar ya yi sallama a gidan. Mahaifiyar Lubabatu ta amsa gaisuwarsa a taƙaice ta nuna masa rumfa. Iya Sauda na zaune a can, ƙafafu a miƙe, huhun goro a buɗe gabanta. Sana'ar gidan ce har yau. Tana ɗaukar goro ɗaya-ɗaya tana juyawa, mai lafiya ta mayar cikin ɗanyen ganye, mai sankara ta jefa a kwano. Lubabatu na gefenta tana yayyafa wa ganyen ruwa, ba ta ɗago ba.

"Malam Sufyan ne? Sannu da hanya. Luba, kawo wa baƙo kujera."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Bara a tabarmarta ta zaunar da shi tana jan kunnensa. Ya ƙi kujerar, ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma, ya gaishe ta, ta amsa duka, har ta tambayi mutanen Parakou da kasuwa. Da ya fara ba da haƙuri sai ta ɗaga hannu. Ta ce na rawar ta ji shi, ya ishe ta. Wanda take so ta ji shi ne wanda shi ya saka da hannunsa, don Luba ta ce mata akwai wani kafin wannan.

Ya buɗe kwamfutar ya kunna. Muryarta ta fito tsaf, babu zakara babu tari, ta faɗa kan baitin farko kai tsaye. Iya ta karkata kai. Ba ta bari ya yi nisa ba.

"Tsaya. Ina gwaggona?"

"Iya?"

"Saratu. Na faɗe ta kafin in fara. Ina ka kai ta?"

Ya ce ya cire ne don ya ga magana ce ba waƙa ba. Ya ji yadda kalmomin suka fito, ya so ƙasa ta buɗe. Iya ta sa ya tura zuwa baitin matattu, ta ji yadda ayari ya faɗa cikinsa ba tsayawa, ya fita ba Fatiha. Ta gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka tabbatar mata da ciwon da take zargi. Ta ce ashe yaron kiɗan ba shi da laifi sosai, abin da aka miƙa masa ya karɓa.

Ta ci gaba da zaɓen goronta tana magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar da ta fara yin waƙar a gaban mutane, tana budurwa, ɗoki ya sa ta faɗa ciki ba ta ambaci kowa ba, Saratu ta tsayar da ita a tsakiyar taro ta sa ta koma farko. Gwaggon ta ce mata wanda bai faɗi inda ya samo ba ya ce nasa ne ke nan, kuma ƙarya ya yi. Ta ce ita ba ta taɓa hana kowa ji ba. Dendawa sun ji, Bargawa sun ji, har wani Bature ya taɓa zama a nan ya ji, ya cire takalmansa masu igiya da kyar yara na dariya. Abin da ta sani shi ne duk wanda ya ji, a gabanta ya ji, ta ga ƙafarsa.

"Yanzu ina rera matattuna a tasha, ina rera su a mashaya, ban ma sani ba. To me ya rage in je in yi a gidan biki? Ai na riga kaina zuwa."

Lubabatu ta sunkuyar da kai, ruwan da take yayyafawa ya zuba a zaninta.

Sufyan bai zo da niyyar kare kansa ba, amma akwai abu guda da ya ga bai kamata ya koma da shi Parakou ba. Ya ce, Iya, ba don ya wanke kansa ba, akwai saƙon da ya zo kafin a rufe shafin. Wani mutum ne a Yamai, sunansa Hassoumi. Ya ce a gidansu ana faɗin wani kakan kakansu da ya bi ayarin goro bai dawo ba, ba a san ko mutuwa ya yi ko wani gari ya zauna ba, har wasu na cewa gudu ya yi ya bar iyali. Sai ya ji sunansa a baitin nan, Muntari Bazabarme mai jan jaki, zazzaɓi ya kwantar da shi a gindin duwatsun Kotokoli.

Hannun Iya ya tsaya da goro a ciki.

"Muntari," ta ce.

Kaza ta zo ta leƙa kwanon ta wuce. Sa'an nan ta ce duk sunayen da ke baitin nan akwai gidan da ke amsa su a Djougou, ban da wannan. Ita ma ta taɓa tambayar Saratu don me ake ta ɗaukar baƙon da ba shi da kowa. Saratu ta ce a riƙe shi, ba a sauke mutum a hanya sau biyu, nasa za su zo. Tun tana budurwa take kiransa babu mai cewa amin na dangi, har ta fara tunanin in ta mutu shi ne farkon wanda za a manta.

"Shi wannan na Yamai, rawa ya yi?"

"Ya ce ya tara 'yan'uwansa suka saurara, suka yi kuka, suka yi masa sadaka. Wanda na saka ya ji, Iya, ba na kiɗan ba."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin kicin ne, ko da yake ba a hura wuta ba. Sufyan ya ga fuskarta ta sassauta, wani ɗan fata ya motsa a ƙirjinsa, sai kuma kunya ta danne shi, don ya ji kamar ya kawo hawayen wani ya biya da su. Ya yi sauri ya faɗi sauran. Ya ce yanzu wancan an rufe shi, na rawar kaɗai ya rage a duniya, yaran Kumasi ma in suka nema shi za su samu. Shafin ya ce sai mai waƙar ya yi magana za a buɗe. Bara ya danna cewa shi ne mai ita. Bana ya kasa.

"Sau ɗaya ka zama ni, ya isa haka," in ji Iya.

Lubabatu ta yi wata 'yar dariya da ta kuɓuce mata, ta toshe baki. Ita ce dariyar farko da ya ji daga gare ta tun jiya, kuma ba tasa ba ce.

Iya ta tambaye shi ko za a iya kwaso na rawar daga wayoyin mutane. Ya ce a'a. Za a iya sa kamfanin ya janye, Adnan ya yarda zai zo in an kira shi, amma wanda ya bazu ya bazu. Ta tambaya ko in ta sake yi, wani ba zai sake ɗora masa ganga ba. Ya ce akwai izinin da ke cewa a saurara, a koyar, amma kada a yanka, kada a sayar, kuma dole a faɗi sunan mai ita. Ba zai hana ɓarawo ba, sai dai in an kama shi akwai abin nunawa. Ta ce to me ya sa bai zaɓi wannan tun farko ba. Ya ce bai tambaye ta ba ne. Ta ce ta san wannan, tana so ne ta ji ya faɗa.

Ta ɗaure bakin huhun, ta daɗe tana gyara igiyar fiye da yadda take buƙata. Ladan ya fara kiran la'asar a masallacin unguwa, ta jira ya gama. Mahaifiyar Lubabatu ta fito ta tsaya a bakin rumfa da buta a hannu. Iya ta dube su duka, ta miƙe zaune, ta yi magana da muryar da take tsayar da gida da ita.

"Ku ji da kyau, don ba zan maimaita ba. Ka kira abokin naka ya zo da na'urarsa. Zan yi waƙar hanya tun daga Saratu da Housseina, da tarina da zakarana, ka saka wa yaran makaranta da sunana a kai, ko numfashi kada ka yanke. Baitin waɗanda suka kwanta ba zai sake shiga waya ba. Ka rubuta a wurin cewa akwai shi, yana Djougou, mai nasa a ciki ya zo ya cire takalmi in yi masa. Na Yamai ka ce masa ina jiransa. Luba kuma daga yau za ta zauna ta karɓa daga bakina. Kawunnanka, Malam Sufyan, su riƙe goronsu sai ranar da ta iya kiran Muntari ba ta duba fuskata ba."